ƘULLIN DA BA NA BABA BA

Shafi na 19

"Sake kallo," ta ce. "Gefen hagu, bakin turken nan."

Abdulmuhaimin bai karɓi wayar ba. Hannayensa duka biyu suna cikin aljihu, idonsa yana kan ruwa.

"Na gani, Zulai."

"Ba ka gani ba. Wane ne wannan a tsugune?"

Ya kawar da kai. Suna tsaye a bakin gaɓar da jirage ke sauke mutanen Kafin Dinya, hantsi ya ɗaga, babu kowa sai wani kwale-kwale da aka ɗaure yana ta buga kansa da gaɓa. Zulaihat ta sake danna hoton bidiyon, karo na nawa ke nan ita ma ba ta sani ba. Wata baƙuwa ce daga Kano, Hajiya Mansura, ta turo mata shi da sassafe, har da saƙon godiya a ƙasa. Wai ita tunda take yawo ba ta taɓa jin shiru mai daɗi irin na garinsu ba.

Shiru mai daɗi.

A cikin hoton ga zalɓe tsaye a ruwa kamar an dasa shi, ga dinya guda uku suna iyo a natse. Can gefe kuma, inda mai ɗauka ba ta ma kula ba, ga mutum cikin shuɗiyar riga ya tsuguna gindin turke, hannunsa a kan igiya.

Rigar ita ta saya masa. A kasuwar Hadejia, da kuɗin albashinta na farko.

"Minti talatin na yi niyya," ya ce a hankali. "Wallahi minti talatin."

Tun asuba take roƙon Allah ya sa ya musa. Ya ce ba shi ba ne, ya ce tsintar wani abu ya tsuguna yi, ya yi mata ƙarya ko yaya take, ita kuma ta yi masa alfarmar yarda. Ga shi ko wannan bai iya yi mata ba.

Shekara biyu suna aiki tare a ƙungiyar da ke kai baƙi kallon tsuntsaye. A idonsu babban dausayin da kowa ke rububin zuwa ya cika ya batse: motoci har cikin ciyawa, jirage masu inji, ledar ruwa tana yawo a kan tabki, tsuntsayen da ake zuwa dominsu suna ƙaura ɗaya bayan ɗaya. Shi ya miƙe a taro ya ce a daina tara jama'a wuri guda, a rarraba su ƙauyuka, dausayi ya huta, mutanen karkara su ma su ga alheri. Ita kuwa, da zuciyarta ta riga ta tafi gare shi tun kafin ya rufe baki, ta ɗaga hannu ta ce a fara da garinsu.

Ranar Juma'ar da ta wuce ce zuwan baƙi na huɗu.

"Duk sanda zalɓe ya sauka sai gwangwanayen nan su ɗauki ƙara, ya tashi," ya ce. "Mutane sun taso tun daga Abuja, Zulai. Wani dattijo ya ce mini in haka ne gara ya koma inda ya saba. Sai na ce bari in kwance reshen igiyar da ya bi bakin tabki, su ɗauki hotonsu, in mayar."

"Ka mayar?"

Ya ce ya ɗaure bakin igiyar a jikin turke don kada ta faɗa ruwa. Sai wani ya hango gauraka biyu a bayan ciyawar kacala, kowa ya ruga jirgi, shi ma ya bi. Daga can ba su biyo ta nan ba, suka zarce inda motoci ke jira.

"Yaushe ka tuna?"

"Mun wuce Auyo."

"Mun wuce Auyo," ta maimaita. "Ina zaune kusa da kai a motar nan. Har gyaɗa na ɓare maka."

"Na ɗauka wani zai gani ya mayar."

"Wa? Ranar Juma'a?"

Ya sunkuyar da kai. Ya sani sarai, don ita ta faɗa masa da bakinta.

A Kafin Dinya ba kowa ke tsaron gonarsa shi kaɗai ba. Idan shinkafa ta fitar da kai ta fara nono, tsuntsayen jan-baki kan zo kamar hadari, kuma ba mai muryar da za ta kore su. Saboda haka uwar igiya ɗaya ake ja tun daga rumfar kora har bakin tabki, rassanta su rarrabu cikin gonaki, a rataye musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Mutum ɗaya in ya ja daga kan rumfa, fadama duka ta ɗauka. Kuma duk shekara mutum ɗaya ke ƙulla rassan nan a jikin uwar igiya: Malam Inuwa, mahaifin Zulaihat. Gadon ubansa ne. Shekara talatin da huɗu ƙullinsa bai taɓa zamewa ba, har in ana son a ce magana ta zauna a garin, sai a ce ta yi ƙullin Inuwa.

Ran Juma'a maza kan shiga jirgi su tafi masallaci, ba sa dawowa sai bayan la'asar. Wata tsohuwa, Iya Larai, kaɗai aka bari a kan rumfa. Ta ga baƙin hadarin ya sauka a gonakin bakin tabki, ta ja igiya, na kusa suka yi ƙara, na can shiru. Ta sake ja. Ta yi ta ja.

Gona biyar. Har da ta Iya Larai kanta, wadda ba ta da wata sai ita.

Da maza suka dawo Malam Inuwa ne ya fara isa bakin turken. Ya juyo ya ce wa jama'a ƙullinsa ne ya zame.

"Yau kwana uku Babana bai zauna a majalisa ba," Zulaihat ta ce. "Sahun ƙarshe yake sallah, ana sallamewa ya ɗauki takalminsa. Ka san wannan?"

"Zulai, saurare ni."

"Jiya wani ya ce masa sannu da tsufa. A gabana."

"Ki saurare ni, don Allah."

Ya matso. Ƙamshin turarensa ya iso ta, wannan ƙamshin da a da ko a jikin takardar ofis ta ji shi sai ta yi murmushi ita kaɗai. Ta ja baya.

Ya yi magana mai tsawo, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba duka ce ƙarya ba. Ya ce in aka ji baƙo ne ya yi wannan ɓarna, shirin ya mutu murus. Ƙauyukan da ke jiran nasu zuwan, na wajen Jahun da na Birniwa, babu wanda zai sake buɗe musu ƙofa. Baƙi za su koma su cushe a dausayin nan har ya ƙarasa mutuwa. Ya tuna mata matan da suka sayar da tabarmi da faifai a zuwa huɗun nan fiye da abin da suke sayarwa a shekara, da masu jirgin da suka samu abin yi. Ya ce shi zai nemo buhunan shinkafa a kawo wa mutum biyar ɗin nan, ba sai an san daga inda suka fito ba.

"Baba dattijo ne," ya ce. "Ɗan gari ne. Za a yafe masa. Ni baƙo ne, Zulai, ni ba mai yafe mini."

"Za a yafe masa," ta ce. "Amma yau bayan la'asar a ƙofar Bulama, mai garinmu, za a karɓe igiyar daga hannunsa a ba wani."

"Igiya ce fa."

Ta ɗago ta dube shi sosai. Wannan fuskar ce ta zaɓa. Wannan ne mutumin da ya koya mata sunayen tsuntsaye na cikin littafi, ita ta koya masa na bakin masunta, yana kiranta kirinjijiya, agwagwar ruwan nan, wai don bakinta ba ya shiru. An sa musu rana bayan girbi. Bayan girbin nan da jan-baki suka riga kowa.

"Ran da ka zo gaida Baba," ta ce, "wa ya kai ka bakin turken nan?"

"Ke."

"Me na ce maka?"

"Kika ce in dubi aikin Babanki. Kika ce in aka kwance nan, rabin fadama ta yi shiru."

"Taƙama nake yi maka da ubana, Muhaimin. Ashe hanya nake nuna maka."

Hawayen da take riƙewa tun safe suka zubo, ba ta share ba. Shi ma idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce ta yi masa rai, ya ce ta tuna abin da ke tsakaninsu, ya ce kuskure ne, kuma wa ya fi ƙarfin kuskure.

"Kwancewar kuskure ce," ta ce. "Shirun kwana ukun fa?"

Kwale-kwalen ya sake bugun gaɓa.

"Ka zo ƙofar Bulama. Ka faɗa da bakinka. In ka faɗa, na rantse da wanda raina ke hannunsa, a bayanka zan tsaya, ko me za su yi. Ranar da aka sa ba za ta motsa ba."

"In na kasa fa?"

Ta gyara mayafinta, ta juya ta hau tudu.

* * *

Ba ta bi hanyar gari ba, ta ratsa ta fadama.

Daga nesa gonakin bakin tabki lafiya lau suke, kore shar. Sai ka matso za ka ga kawunan sun miƙe tsaye, sun yi fari. Kan shinkafa mai ƙwaya sunkuyawa yake yi. Ta kama ɗaya ta murza a tafinta, ɓuntu ne zalla, iska ta kwashe shi.

A bakin kunyar ƙarshe ta tarar da Iya Larai zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafa, tana kallon gonarta. Tafukan hannunta duka biyu a naɗe da tsumma, inda igiya ta ci.

Zulaihat ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ta amsa da fara'a, har da tsokanar da ta saba, wai amarya ce da yawon rana haka, so take ango ya ce an sauya masa. Ta tambayi baƙi yaushe za su dawo, don tana da faifai shida da ta fara kafin hannun ya hana ta.

"Iya, me za ki ci bana?"

"Wanda ya tsaga bakin ai bai manta da shi ba, 'yar nan." Ta gyara tsumman hannunta. "Ki ce wa ubanki ya daina ɓuya. Ni ban riƙe shi ba. Tsufa ne, ba wanda ya roƙe shi ya zo. Ni da a da, ai da gudu zan isa bakin turken nan. Rarrafe na yi rabin hanya."

Da zagi Iya Larai ta yi, da ya fi sauƙi.

* * *

Ta samu Baba a zaure bayan azahar, yana tufka igiyar rama a cinyarsa. Tun rasuwar Innarta nan ne wurin zamansa in abu ya dame shi. Kwanon tuwon da ta ajiye masa da safe yana nan a rufe yadda ta bar shi.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. "Kin sha rana."

Ta zauna a bakin tabarma. Ta rasa ta inda za ta fara, sai kawai ta miƙa masa wayar. Ya kawar da ita da bayan hannu, a hankali, ko kallo bai yi ba. Ya ce idonsa ba ya ganin abin cikin gilashin nan.

"Baba, ba ƙullinka ne ya zame ba."

Hannunsa bai daina tufka ba.

"Baba, ka ji ni? Kwance shi aka yi. Na san wanda..."

"Rufe ƙofar nan."

Ta tashi ta tura ƙyauren. Da ta dawo ya ajiye ramar, ya sa hannu a aljihun ciki, ya zaro wani abu ya ajiye a kan tabarma tsakaninsu.

Guntun igiya ne, bai fi taki ɗaya ba, an yanke shi da wuƙa ta gefe biyu. A tsakiyarsa ƙulli ne mai kunnuwa biyu, irin wanda ake yi wa igiyar takalmi.

Ta ƙura wa ƙullin ido.

"A jikin turke na same shi," ya ce. "Na zare shi ta sama, na yanke, kafin su Badamasi su iso. Duk garin nan, Uwata, daga mai silifa sai mai takalmin roba. Mutum ɗaya na sani da ke tsugunawa a ƙofar zauren nan yana ɗaure kambas in zai tafi."

"Ka sani."

"Tun ran Juma'a."

"Ka sani, ka tsaya gaban mutane ka ce kai ne?"

Ya ce ta rage murya. Ya ce ita ba ta ga idon samarin nan a ranar ba. Badamasi gonarsa na cikin biyar ɗin, da matarsa ga ciki wata takwas. Da a lokacin aka ce baƙo ne, da jirgi za su bi motocin nan, kuma Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya. Amma da ya ce shi ne, sai kowa ya sauke sandarsa. Ba a dukan tsoho a kan tsufa.

"To yanzu ai sun huce, Baba."

"Sun huce."

"Ka faɗa musu mana."

Ya ɗauki guntun igiyar yana juya shi a hannu. Har ya ɗan murmusa.

"Dubi abin nan. Ko akuya ba za ta zauna a wannan ba." Murmushin ya ɓace. "Yaron ba mugu ba ne. Bai sani ba ne. A wurinsa ƙara ce take damun tsuntsu, bai san abincin shekara ne yake magana ba."

"Ya sani. Ni na faɗa masa."

"Ji daban, sani daban."

Ta fashe da kuka sosai, irin wanda rabonta da shi tun ranar da aka fita da Inna. Ya bar ta ta yi. Da ta lafa ya ce mata shi fa ya ci zamaninsa. In an ce ya tsufa, ai ba ƙazafi aka yi masa ba. Shekara nawa ta rage masa a kan igiyar nan, biyu ko uku? Ita kuwa yanzu za ta fara. Ya ce ya ga yadda take dariya tun da yaron nan ya shigo rayuwarta, dariyar Innarta sak, kuma shi ba zai sayar da wannan don a ci gaba da cewa ƙullin Inuwa ba.

"Kuma ke kika kawo su," ya ce. "In aka ce shi, an ce ke. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ba zan zauna ina gani ana nuna ki da baki a garin ubanki ba."

"Ni kuma in zauna ina gani ana nuna ka?"

"Ke 'ya ce. Naki bi."

"Baba..."

"Ban taɓa ce miki na hana ki ba, tun kina rarrafe. Karatu kika ce, na ce je ki. Aiki kika ce, na ce je ki. Yau ina roƙonki abu ɗaya. Ki zauna a gida har a tashi daga zaman nan."

Ya miƙe da ƙyar, yana dafa gwiwa. Ya ɗauki buta ya fita alwala.

Guntun igiyar ya bari a kan tabarma. Ko mantuwa ce, ko nauyinsa ne ya ishe shi a aljihu, Zulaihat ba ta sani ba. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta miƙa hannu.

* * *

Bayan la'asar ƙofar gidan Bulama Gana ta cika. Dattawa a kan tabarmi, samari a tsaye jikin katanga, mata sun taru daga bayan dangar kara inda suke jiyo komai ba a ganinsu sosai. Can Zulaihat ta tsaya, kusa da Iya Larai, hannunta ɗaya a dunƙule cikin mayafi.

Ya zo.

Ta hango Abdulmuhaimin a cikin maza. An ba shi gefen tabarmar dattawa, matsayin baƙo kuma surukin gobe. Ya cire kambas ɗinsa ya ajiye a gefe, igiyoyinsu a kwance a ƙasa. Ya zo, ta ce a ranta. Ya Allah, ya zo. Ka ba shi ƙarfin sauran.

Bulama ya buɗe da addu'a. Ya yi magana a kan ƙaddara, ya ce abin da ya wuce ba a dawo da shi, amma sauran gonakin suna nan, jan-baki kuma ba su yi sallama ba. Dole a san hannun da za a bar wa igiya. Ya ce shi da Inuwa tare aka yi musu kaciya, ba ya jin daɗin wannan zama, amma gari ya fi mutum.

Badamasi ya nemi magana. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ciwo. Ya ce su ba su zo cin mutuncin kowa ba. Amma mutum in ya ga hannunsa ya fara rawa, kamata ya yi ya faɗa tun kafin ya jawo wa mutane, ba sai an kwashe abincin bakin 'ya'yansu ba.

Wasu suka ce haka ne. Wasu suka sunkuyar da kai.

"Akwai mai magana kafin mu ji ta bakin Malam Inuwa?" in ji Bulama.

Zulaihat ta zuba wa Abdulmuhaimin ido ta tsakanin karan danga. Ta ga ya motsa. Ta ga ya dafa tabarma da hannu ɗaya kamar zai tashi, leɓensa ya buɗe. Ya dubi Badamasi. Ya dubi samarin da ke jikin katanga.

Sai ya mayar da hannun kan cinyarsa.

Wani abu ya mutu a ƙirjinta a lokacin, shiru, ba ko ƙara.

Baba ya miƙe. An ɗauko uwar igiyar ajiya, wadda ake miƙa wa mai riƙo a nannaɗe, tana gabansa. Ya sunkuya ya ɗauke ta da hannu biyu. Hannayen ba sa rawa, ko kaɗan, duk wanda ke da ido zai gani. Ya fara da cewa yana neman gafarar mutum biyar, da sunayensu, ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe ya ambaci Larai.

"Allah sarki Inuwa," tsohuwar ta ce a hankali, tana goge ido da tsumman hannunta.

Zulaihat ba ta san sanda ta zagaye dangar ba. Ta dai ji mata suna kiran sunanta ƙasa-ƙasa, wata ta kamo gefen mayafinta ta fizge. Sai ga ta a fili, gaban maza, inda ba ta taɓa ganin mace ta tsaya ba. Ta durƙusa a bakin tabarma.

"Allah ya ba ka nasara, a gafarce ni."

Kowa ya juyo gare ta.

"Uwata," Baba ya ce. "Koma."

Ba ta dube shi ba. Ta san in ta dube shi ba za ta iya ba.

"'Yar Inuwa," in ji Bulama, "nan ba wurin zamanku ba ne. In magana ce, ki faɗa wa ubanki ya faɗa."

"Shi ya hana ni, ranka ya daɗe. Yau ne na farko da zan saɓa masa, kuma ina roƙon ya yafe mini."

Ta buɗe hannunta. Ta ajiye guntun igiyar a kan tabarma, gaban Bulama, kunnuwansa biyu a tsaye. Dattijon da ke kusa ya sunkuyo ya duba. Na kusa da shi ma ya leƙo. Ta ga idon Badamasi ya sauka a kan ƙullin, ya daɗe, sannan ya fara bin ƙafafun mutane da kallo.

"Zulai," Abdulmuhaimin ya ce ƙasa-ƙasa. "Don Allah."

Sai a lokacin ta juya ta dube shi, kallo ɗaya, na ƙarshe irin wannan. Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ranka ya daɗe, kada a karɓi igiyar nan daga hannun Babana. Ƙullinsa bai zame ba. Ni na kawo baƙi garin nan, ni na nuna inda ƙullin yake, a fara hukunci ta kaina. Ranar da aka sa mini bayan girbi kuma, na fasa. Yanzu zan faɗi sunan wanda ya ɗaura wannan."